Layi na Uku a Baƙin Allo

Sallama gare ku 'yan uwana mata, har da mazan da ke laɓewa suna karanta mu, sannan su fita suna cewa labarin soyayya na marasa aikin yi ne. Sakinatu ce, 'yar marigayi Malam Salih, daga ƙauyenmu na gefen Makwar. Masu tambayata ko an sa rana, an sa. Jibi Juma'a ne ɗaurin auren, bayan an sauko daga masallaci. Yau Laraba, kuma hannun nan da nake latsa waya da shi kamata ya yi a ce yana ƙunshe cikin lalle. Ba a ƙunsa ba, raina kuma a ɓace yake, don haka wadda ta zo jin kalaman zuma ta yi haƙuri.

Don wadda yau ta fara karanta ni, bari in koma baya kaɗan.

Ni ma'aikaciyar ƙungiyar manoman garinmu ce, ko in ce da can. Kwamfuta na karanta a Sinnar, na dawo aka ba ni kujera a ofishin ƙungiya, ɗaki ɗaya mai rufin kwano a bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa. A kusurwar ɗakin akwai wani baƙin akwati mai gurnani da muke kira sirfar. A cikinsa makanoni uku ke zaune. Kwamfutoci ne su ma, sai dai ba a taɓa su da hannu, kowacce da ɗakinta a cikin akwatin nan guda, kamar 'yan haya a gida ɗaya. Ta farko sunanta jadwal, ita ke riƙe da rabon ruwa, wa za a buɗe wa yau, wa zai jira gobe. Ta biyu rasayil, mai aika saƙo zuwa wayoyin manoma. Ta uku sijil, rajistar gonaki. Duk mai hawasha a tur'armu, wato gonar ban-ruwa da aka yanka masa, sunansa da lambar gonarsa suna cikinta.

Wanda ya haɗa duk wannan shi ne Muzammil, ɗan Alhaji Hashim shugaban ƙungiya. Dogo ne siriri, jallabiyarsa kullum kamar yanzu aka ɗauko ta daga wurin mai guga, ga tabarau, ga murmushin nan na gefen baki. Ba na kiran sunansa. Bashmuhandis nake ce masa, babban injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Shi ya koya mini magana da sirfar ta baƙin allo, inda babu hoto babu kwalliya, sai ka buga umarni ya ba ka amsa.

Ba zan manta ranar farko ba. Ya ja kujera gefena, amma ya bar tazarar da ko liman ya shigo ba zai ce komai ba.

"Buga virsh list," in ji shi.

Na buga. Layi biyu suka fito.

"Makana nawa ke gare mu?"

"Biyu."

Sai ya ɗauki biro ya ɗan buge ni a bayan yatsa. "Ghalat. Uku ne. Na kashe ɗaya da gangan kafin ki zo."

"To allon ƙarya yake yi?"

"La la, ba ya ƙarya. Abin da kika tambaya ya ba ki. Wannan umarnin masu tsaye kawai yake ƙirgawa. Wadda ke kwance ba ya ambatonta sai kin ce ya faɗi duka. Ƙara masa --all."

Na ƙara, layi na uku ya bayyana. Ya ce, "Kin gani ya Sakina? Wanda ya kwanta ba mutuwa ya yi ba."

Wata biyu yana buge mini yatsa da biron nan duk lokacin da na manta, har yatsana ya haddace. Ina jin a tsakanin bugun biron ne na fara sonsa, kuma son gaske, ba na wasa ba. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a gaba ba bakin maƙiyiya ne ya faɗa ba.

Sau biyu ya nemi a yi maganar aure, sau biyu na ce ya jira. Na farko Baba yana kwance ba lafiya. Na biyu muna gudun hijira. Ban taɓa ce masa a'a ba.

Kun san abin da yaƙi ya yi wa ƙasar nan, ba sai na tsaya lissafi ba. Ranar da za mu bar gari, mutane na ɗaure kaya da awaki, ni na naɗe sirfar a cikin leda da tsohon tobe, wato lafaya, na Iya mahaifiyata, na ɗora shi a kaina. Ni da Muzammil muka sauke shi cikin matmura ta gidanmu, ramin da muke ajiye dawa, muka rufe da ƙaiƙayi da ƙasa. Iya tana ta faɗa, wai mutane na ceton rai ni ina ceton ƙarfe. Baba ne daga kan gado ya ce a bar ni, sunansa ne nake binnewa don a same shi. A Gadarif ya rasu, can muka bar shi.

Da muka dawo, ofis ya zama kango, takardun ƙungiya sun zama toka. Muka tono sirfar. Muzammil ya ce danshi ya shige shi, zai kai gida ya busar ya duba. Mako biyu yana wurinsa.

Sai aka kira taro. Dattawa suka cika barandar ofis, aka fito da allo aka ɗora a kan tebur. Ni ina bakin ƙofa da tire, ina zuba musu jabana, wato gahawa, a 'yan fanjalai, ƙamshin citta ya cika wurin. Muzammil ya buga wani abu, ya juya allon wajen dattawa.

"Ga abin da ya tsira," in ji shi. "Jadwal da rasayil, alhamdu lillah. Sijil kam danshi ya cinye ta. Ku duba da idonku, babu ita."

Tsofaffi suka leƙa, suka ga layi biyu, suka yi salati. Me suka sani? Ni ce na sani, ni kuma ina can bayan mutane da tulun jabana, ina kallon yadda kyawun jallabiya ya hau shi. Ko a raina ban tambayi abin da ya buga ba. In kuna neman wawiya a labarin nan, ga ta tana muku rubutu.

Da rajista ta ɓace, aka koma al'adar da. Kowace hawasha a kawo dattawa biyu su rantse wa suka gani yana nomanta a damina biyun ƙarshe kafin gudu. Baba kuwa a damina biyun nan yana kwance. Alhaji Hashim ne ya noma masa gonarsa mai fadan biyar, wato kusan eka biyar, ana raba amfanin gida biyu. Dattawan suka dafa Alƙur'ani suka ce Hashim suka gani. Ba su yi ƙarya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Kowa a garin ya san gonar ta Malam Salih ce, amma sani daban, shaida daban, kuma wa zai ɗaga murya a gaban shugaba? Aka rubuta ta da sunan Alhaji Hashim a sabon littafi.

Bayan kwana uku ya zo gidanmu da la'asar, ya zauna a kan angareb, gadon igiyar da Baba ke zama, ya sha shayi kofi biyu.

"Hajiya, kada ki damu," ya ce wa Iya. "Hawashar Salih amana ta a hannuna. In yaran ga sunka yi arme, gida guda na, tur'a guda ta. Mi ar rage?"

Yana fita Iya ta juyo kaina. Daga ranar ban sake shan ruwa da daɗi ba.

"Ke ɗiyar ga, mi kike jira kuma? Yaro shina son ki, kina son shi, ga gonar ubanki za ta dawo gida. Ko sai mun fara roƙon dawa ƙofa-ƙofa?"

"Iya, ban ce ba na so ba. Hanyar ce ba ta yi mini ba."

"Hanya! Mai jin yunwa ba ya zaɓen akushi. Khalas, na gama magana."

Na amsa. Na amsa abin da da ma zan amsa, amma sai na ji kamar an ƙwace shi daga bakina. Washegari Alhaji Hashim ya aiko cewa ba ya kyautuwa yarinyar da aka sa wa rana ta riƙa zama ɗaki ɗaya da angonta, don haka in huta da ofis. Kowa ya yaba masa da sanin ya kamata.

Aka kawo shela, kayan aure. Tobe shida, ciki har da wani ruwan zuma mai ɗinkin zare a baki, takalma shida, jakunkuna, kwalaben turare, itacen sandal, buhun sukari, garwar mai. Iya ta buɗe su a tsakar gida mata suka yi ta guɗa, ta ɗebi sukari da mai ta raba wa maƙwabta kamar yadda ake yi. Ni kuma aka kulle ni a gida. Kullum sai na zauna kan ramin dukhan, an lulluɓe ni da bargo, hayaƙin itacen ɗalha yana dafa ni har in ji kaina na juyawa. In na tashi a murje ni da dilka. Wata guda rana ba ta gan ni ba. Na yi jawur na yi santsi, duk wadda ta shigo sai ta ce ma sha Allah, Muzammil ya dace.

Yau da hantsi ina kwance a ɗaki, wayata ta yi ƙara. Saƙon Muzammil ne.

"Sabahal khair ya arusa. Ina Sinnar wurin tela. Wuta ta ɗauke a maktab, sirfar ya mutu, kuma yau ne saƙon ruwa ke fita. Ba wanda ya iya sai ke."

Na rubuta masa, "Wai ba an ce ba ya kyautuwa ba?"

"Ma'alesh ya galbi, yau kaɗai. Makulli yana saman ƙofa. Ki kunna, ki jira minti biyar, ki buga virsh list kawai. In kin ga biyu suna aiki ki rufe ki koma gida, kada rana ta ɓata min ke."

Har na yi murmushi, ku ji fa. Na karanta ya galbi, wato ya zuciyata, sau uku, ban ko lura da kalmar kawai ba.

Iya ta hau sama. "Amarya ta fita rana ana saura kwana biyu? Wahalar wata guda ta tahi banza?"

"Iya, in saƙon bai fita ba, mutane za su rasa ruwansu."

Jin ruwa ya sa ta sauko. Ta naɗe ni da baƙin tobe nata, ta sa mini safa a hannu da ƙafa, ta rufe mini fuska sai ido. Haka na bi bakin tur'a ina zufa. Na wuce ta gaban hawasharmu, dawa ta yi kore shar ta kai ƙirji, 'yan aikin Alhaji Hashim suna ciki suna cire ciyawa. Na kawar da kai.

Ofis ya yi ƙura. An sake masa kwano, amma kujerata na nan da ƙafarta mai gurɗe. Na ta da wutar, na danna sirfar, ya fara gurnaninsa. Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan uwa. Na cire safar hannu, na jira minti biyar ɗin, na buɗe baƙin allo.

Ban yi niyyar komai ba, Allah ne shaidata. Hankalina ma yana kan zanen lallen da zan zaɓa. Yatsuna ne suka tafi da kansu yadda aka horar da su. Suka buga virsh list --all.

Layi uku suka fito.

Jadwal, a gabanta an rubuta running, tana aiki. Rasayil ma haka. A ƙasansu, babu lamba sai ɗan gajeren zane, ga sijil, a gabanta shut off. A kashe take.

Na daɗe ina kallo. Na goge allon da bakin tobe kamar ƙura ce ta rubuta. Zuciyata ta shiga nema masa mafita tun ban tambaye ta ba. Wataƙila sunan ne ya rage, cikin ya ruɓe. Wataƙila ya gwada ta ƙi tashi, bai so ya ɗaga wa tsofaffi rai. Kun san yadda muke, mace za ta ga wuta ta ce hasken asuba ne.

Sirfar yana ajiye duk umarnin da aka buga masa, da rana da lokaci. Muzammil ne da kansa ya saita haka, wai don kada wani ya yi ɓarna ya musa. Na kira jerin, na hau sama, na wuce watanni har na kai ranar taro. Da safiyar ranar, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, ga umarni biyu a jere. Na farko ya hana sijil tashi da kanta idan an kunna sirfar. Na biyu ya kashe ta. Ba a kashe abin da ba ya aiki, 'yan uwa. Tana da ranta a safiyar nan. Bayansu, ƙarfe goma, lokacin da nake zuba jabana, ga virsh list tsirara, babu wutsiyar da ya yi wata biyu yana buge mini yatsa a kanta.

Na ta da ita. Ko minti biyu ba ta yi ba ta miƙe lafiya lau, danshi ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na buɗe rajista, na nemi lamba arba'in da bakwai. Ga shi da rubutun Larabci, Salih Jibirin, fadan biyar, da kwanan watan da aka yanka masa tun ba a haife ni ba.

Na ɗauki hoto biyu, na rajista da na jerin umarnin. Sannan na kira shi. Ina jin ƙarar keken ɗinki a bayansa.

"Ya arusa! Tamam? Sun tashi?"

"Muzammil."

Bai taɓa jin sunan nan a bakina ba.

"Layi uku nake gani."

Ƙarar keken ta yi nisa, ya fita waje ke nan. "Na ce ki buga list kawai."

"Kai ka koya wa yatsana."

"Sakina, isma'ini, saurare ni. Ban goge ba. Wallahil azim ban goge ba. Babana cewa ya yi in shafe ta gaba ɗaya, na ƙi. Kwantar da ita kawai na yi."

"To in yi maka guɗa?"

"Bayan biki zan ta da ita in ce na gyara. Hawasha ta koma sunanku, ba wanda ya yi asara. Haka na tsara tun farko."

"Me ya sa sai bayan biki?"

Ina jin masu tuktuk suna kiran fasinja.

"Sau biyu kina cewa in jira," ya ce a hankali. "Na san in gonar tana hannunku za ki ce in jira na uku. Na ga mutane suna watsewa, wannan Masar, wancan Bur Sudan. Na ji tsoro ki tafi. Shi Baba gona yake so, ni ke nake so."

A nan ne hawayen suka zo, masu zafi, suka bi kan dilkar wata guda.

"Ka san me na gaya wa Iya a bayan motar da ta dawo da mu daga Gadarif? Na ce mata in ka sake tambaya zan ce eh. Ina ta jira ka tambaya. Ba ka tambaya ba, sai ka aiko babanka da gonar ubana a hannu. Da ka jira mako ɗaya, Muzammil, da na zo maka da ƙafata."

"Sakina, alekillah, kashe ta. Kashe ta yanzu kafin wani ya shigo. In Baba ya ji ban goge ba..."

Na katse. Ban kashe ta ba. Na tabbatar saƙon ruwa ya fita, don manoma ba su yi mini laifi ba, na rufe ofis na mayar da makulli saman ƙofa.

Na iske Iya a gindin dalbejiyar tsakar gida tana kwaɓa lalle a babban kwanon sha, tana ɗiga masa man ƙamshi na mahlabiyya. Bayan la'asar mata za su zo ƙunshi. Ta ɗago ta ga idona.

"Mi na na? Wa yam mutu?"

Na durƙusa na miƙa mata wayar. Iya ba ta yi boko ba, amma ta yi allo, tana karanta Larabci. Ta goge hannu a zane, ta kai wayar kusa da ido, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na ga leɓenta yana motsi. Shekara talatin ba ta taɓa kiran sunan nan a fili ba, yau ma ba ta kira ba. Ta dai ɗora yatsa a kansa ta bar shi a wurin.

Na gaya mata komai, daga biro har zuwa keken tela. Ina jira ta yi salati, ta tashi ta ɗaura ɗamara, mu tafi tare. Ni a tunanina na kawo mata Baba ne a tafin hannu.

Ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Wa yag gani bayan ke?"

"Babu kowa."

"To koma ki kashe."

Na zaci ban ji daidai ba. "Iya?"

"Koma ki kashe ta yadda kit tarar. Yaro ya ce bayan biki shi gyara, to shi gyara."

"Iya, gonar Baba suka sace! Suka sa dattawa dafa Alƙur'ani! Kuma ki ce in shiga gidansu jibi in durƙusa in gaishe su?"

"Rage murya, katanga tana da kunne." Ta matso har ina jin ƙamshin mahlabiyya a hannunta. "Ke kin yi boko, ni na yi shekaru. Makullin ƙofar tur'a hannun wa yake? Hashim. Wa ka cewa a buɗe, wa ka cewa a rufe? Hashim. Ki kunyata shi gaban gari, a maido miki gonarki, na yarda. Sannan ranar ruwanmu ta zo a ce ƙofa ta lalace. Mako mai zuwa a ce ruwa ya yi ƙasa. Ba mu da namiji a gida, ya bitti. Gona ba ruwa kushewa ta."

"To gaskiya fa?"

"Gaskiya na dafa miki tuwo? Sukarin shela na cikin shayin gari duka, in bi gida-gida in amso? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na binne miji a garin mutane, ba ni da sauran ƙarfin faɗa."

Ban taɓa jin haushin Iya irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa tausayinta haka ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ɗaci. Na ɗauki wayata na shige ɗaki.

Tobe shidan nan suna jere a kan akwati, mai ruwan zuma a sama. Saƙonnin Muzammil sun taru a waya.

"Ɗauki waya."

"Na hau mota, ina hanya."

"Kuskure na yi, amma don ke na yi."

"Ki kashe, ya galbi. Kwana biyu kawai ya rage."

Mutum biyu nake so a duniyar nan, su biyun kalma ɗaya suke gaya mini. Na zauna a bakin gado ina tunanin yadda jibi za ta kasance in na bi tasu. Za a yi guɗa, za a shafa mini turare, in zauna kusa da mutumin da ya san allo ba ya nuna na kwance, ya juya shi wajen tsofaffi, ni ina bakin ƙofa ina zuba masa jabana. Kuma duk ranar da na ce masa jira a kan wani abu, sai in fara tunanin me zai kwantar wannan karon. Sai na tuna Baba a kan gado yana cewa a bar ni, sunansa nake binnewa don a same shi.

Ƙungiya tana da zaure a waya, manoma ɗari da arba'in da wani abu, da 'ya'yansu masu karanta musu. An hana ni ofis, amma ba wanda ya tuna ya cire ni daga zauren. Na ɗora hotuna biyun. A ƙasa na rubuta da Hausa da Larabci, "Sijil ba ta mutu ba, kashe ta aka yi ranar taro. Na ta da ita. Duk mai son ganin sunansa ya zo ofis. Sakinatu Salih, hawasha ta arba'in da bakwai."

Kada ku ce mini jaruma. Na kai minti goma yatsana yana sama ban danna ba, kuma da na danna, kuka na yi, ba don gona ba, don biron nan.

Ba a jima ba na ji waya ta yi ƙara a gidan maƙwabta. Sai wata a gidan baya. Wani ya ɗaga murya a kan hanya yana kiran wani. 'Yar tsohuwar wayar Iya ta fara ruri a tsakar gida, ta katse, ta sake. Na ji ta ɗauka, ta ce na'am, daga nan ta tsaya saurare.

Labulen ɗakina ya ɗaga. Iya ce, kwanon lalle a hannunta. Ba ta yi faɗa ba, na so ma a ce ta yi. Ta sunkuya ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta kife faranti a kansa.

"Kin maido gonar ubanki, ɗiyata," ta ce. "Saura ki hwaɗa min wa zai buɗe muna ruwa."

Ban kai ga buɗe baki ba muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama sau ɗaya, gajera, babu Hajiya a cikinta. Muryar Alhaji Hashim ce.

Iya ta ja mayafinta ta rufe kai, ta matsa gefe ta ba ni hanya.

"Tashi ki amsa. Ke kik kirawo shi."